Wa ya kawo, kuma kyauta ce ko bashi? Muhawarar zauren 'yan Zazzau kan tallafin waje

Malam Tanimu T/Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai ga wata mota da lasifika a kanta, mai shela yana cewa gwamnati ta kawo gidan sauro kyauta, kowane magidanci ya fito da katinsa ya karɓa. Na aika yaro ya karɓo mana. Da na juya ledar sai na ga tambarin wata ƙungiyar waje da rubutun Turanci, babu inda aka ce gwamnati ce ta saya. Ban ce kada a karɓa ba, a cikinsa jikokina suka kwana jiya. Tambayata ita ce, me ya sa hukumomin da aka ɗora wa wayar mana da kai ba sa faɗa mana wanda ya kawo abu, da dalilinsa, da ranar da zai daina kawowa? In abin ya yi kyau a ce gwamnati ce, in an samu tangarɗa a ce ai Turawa ne suka janye. Shekara 31 na yi ina koyarwa a firamare, kuma na san yaro ma in ka ɓoye masa rabin magana, shi zai ƙarasa ta da kansa.

Nura S/Gari: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ra'ayina ba ya canzawa, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ba ɗan uwanka ba, ba addininku ɗaya ba, ya tsallako teku ya kawo maka kaya kyauta? Da walakin. Ba a Amurka ba ne wani ɗan majalisarsu, Scott Perry, ya tashi a watan Fabrairun 2025 ya ce kuɗin USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, na shiga hannun Boko Haram? Ba mu muka faɗa ba, su suka faɗa da bakinsu.

Abba Kongo: Yaya Nura, ya faɗa, gaskiya ne. Amma ka ƙarasa labarin. Jakadan Amurka a Abuja na lokacin, Richard Mills, ya fito ya ce babu wata hujja a kan zargin. Shi kuma Perry a lokacin suna cikin yaƙin rushe hukumar ne a cikin gidansu. Kalli fa yadda abin ya tafi a nan: bidiyon zargin ya zagaye kowace waya a Zariya cikin kwana biyu, har da fassarar Hausa. Wa ya zo ya yi mana bayanin abin da ya biyo baya da Hausa? Wannan shi ne maganar da Malam yake yi.

Nura S/Gari: To jakada zai fito ya ce e, mun ba su ne? Kai ma ka san ba zai faɗa ba.

Maman Sadiya: Ku yi haƙuri in sa baki, don ni abin a jikina yake. Shekara goma sha wani abu ina shiga gida-gida ɗigon shan-inna a cikin birni. Akwatin sanyi a kafaɗa, alli a hannu muna rubutu a bangon zaure, alƙalami muna shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa. Tambayar da aka fi yi mana ba ta canza ba tun ranar da na fara: me ya sa wannan kyauta ne har cikin ɗaka, amma in ɗana ya yi zazzaɓi sai na sayi magani da kuɗina? Wallahi tambaya ce mai kyau. Akwai wata baiwar Allah da ta tare ni a bakin ƙofar ɗakinta, goye da yaro jikinsa zafi rau, ta ce min, "Ke 'yar nan, na kwana uku ina neman kuɗin allura ban samu ba, yau kin zo min da abin da ban tambaya ba." Na rasa abin cewa. A horon da aka yi mana an koya mana yadda za mu riƙe kwalba da yadda za mu cike takarda, amma ba wanda ya ba mu amsar wannan. Daga baya ne da aka fara haɗawa da sabulu da ɗan alewa da tantin duba marasa lafiya a ƙofar mai unguwa, aka samu sauƙi.

Hajiya Kulu: Sannu 'yata, Allah ya biya ku. Ku ne kuke shan zagin da ba ku kuka jawo ba.

Baba Malamin Gona: Bari tsoho ya ce wani abu, ku yi min uzuri in na yi tsawo. Zariya ba baƙuwar tallafin waje ba ce, kuma ba baƙuwar aikin wayar da kai ba ce. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, gwamnatin Turawa ce ta kafa ta don ta riƙa isar da maganarta ga jama'a ta kuma kashe jita-jita, ga ginin kamfanin Gaskiya nan a Tukur-Tukur. Muna yara ana kawo majigi a fili da dare, a nuna yadda ake haƙa shadda da yadda ake feshin auduga. Sannan ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello, ABU, da aka buɗe a 1962, tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka suka miƙe, da kuɗin USAID ɗin nan da ake magana. Wasu daga cikin waɗanda suka koyar da mu can suka yi karatu.

Amma abin da nake so ku lura da shi daban ne. Lokacin da shirin Sasakawa ya shigo a farkon shekarun 1990, ba mu je wa manomi da lasifika ba. Mun je mun roƙi ɗan yanki a gonarsa, a gefen hanya inda kowa ke wucewa. Muka ja igiya, muka sa ƙwaya ɗaya a rami, muka binne taki maimakon watsawa. Mutane suka yi ta dariya, wai masara ɗaya tal a rami, yunwa za mu kashe su da ita. Wani dattijo a wajen Giwa ya ce min, "Malam, wa ya aiko ku?" Na ce masa wani attajiri ne ɗan Japan ya sa kuɗinsa, tare da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da wani masanin iri, Norman Borlaug, kuma irin da takin nan bashi ne, in ka girbe za ka biya. Ya ce to yanzu ka yi magana. Da kaka ta yi, shi ya kira maƙwabtansa da kansa su zo su ga zangarniya. Har gobe in ka shiga ƙauye za ka ji ana cewa shukar Sasakawa. Ba a ɓoye sunan mai abu ba, ba a ɓoye cewa bashi ne ba, kuma ba wanda ya ce an zo kashe mana ƙasa.

Abba Kongo: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kalmar nan "tallafi" ita ce babbar matsalar. Da ita ake kiran kyauta, da ita ake kiran bashi, da ita ake kiran abin da ɗan siyasa ya raba a mazaɓarsa. Ɗauki shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko. Dala miliyan 500 Bankin Duniya ya amince da su a 2020, kuma rance ne mai sauƙin ruwa, ba sadaka ba. Aikin ruwan Zariya ma akwai rancen Bankin Musulunci da na Bankin Raya Afirka a ciki. Ku tuna rigimar dala miliyan 350 ta zamanin El-Rufa'i, wadda Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da ita a 2018 kafin daga baya a karɓo. Wannan kam kowa ya san bashi ne, saboda 'yan siyasa sun yi faɗa a kai a bainar jama'a. Sauran da ba a yi faɗa a kansu ba fa? A rediyo sai ka ji "Bankin Duniya ya tallafa". Uwar da 'yarta ke zaune a ajin da aka gyara tana ganin alheri aka yi mata, don haka ko rufin ya fara yoyo bayan damina ɗaya ba za ta ɗaga murya ba, ai kyauta ba a raina ta. Da ta san 'yar tata ce za ta biya idan ta girma, da ta je ta tambayi ɗan kwangila.

Malam Tanimu T/Wada: Abba, wallahi ban san AGILE bashi ba ne sai yanzu. Ni da nake sauraron labarai safe da yamma.

Hajiya Kulu: Ni ma haka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Amma a gaya wa mutum ya ci.

Malam Yahaya: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, saboda ni ma'aikacin irin wannan aiki ne, ba zan faɗi ofishinmu ba. Ina roƙon ku ji ta ɓangarenmu. Mai shelar da Malam ya gani, takarda aka miƙa masa da safe aka ce ga abin da za ka faɗa. Sau da yawa da Turanci take zuwa, a cikin mota muke juya ta zuwa Hausa. Ni kaina na sha fita shela ban san wa ya sayi kayan ba. In na tambaya a ce min kai dai ka faɗi rana da wuri. Kuɗin man motar ma yawanci daga aljihun masu shirin yake fitowa, kwana uku ko huɗu, shirin na ƙarewa motar ta koma ƙarƙashin bishiya. Shi ya sa ba ku ganinmu sai ana son ku fito. Babu wanda ke ba da mai don a dawo a ce muku ga abin da aka samu, ga yara nawa aka yi wa, ga abin da ya rage.

Kuma akwai dalilin da ya sa ake cewa "gwamnati ta kawo". Wasu manyanmu suna ganin in an ambaci Amurka ko Turai mutane za su gudu. Suna ganin rufa wa shirin asiri suke yi.

Nura S/Gari: Ka ji ko! Ashe da gangan ake ɓoyewa. To ta yaya zan yarda?

Malam Yahaya: Ban ce daidai ba ne, Nura. Na faɗi yadda ake tunani ne.

Maman Sadiya: Malam Yahaya, wannan dabarar ba ta aiki, mu da ke shiga ɗaka mun sani. Yanzu kowane gida akwai ɗan sakandare mai waya. Kana fita zai ɗauki ledar ya karanta wa uwarsa, ya ce Umma ai ba gwamnati ba ce. Shi ke nan, ka zama maƙaryaci a gidan, kuma ni ce zan dawo wata mai zuwa, ba manyan ba.

Dakta (Shika): Ina so in tsaya kan maganar Nura, don bai kamata a mai da shi kamar wanda bai san komai ba. Tsoron da mutanenmu ke yi yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara kusan 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A Pakistan kuma a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da shirin rigakafi na bogi wajen neman Usama bin Ladan. Waɗannan sun faru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu zai yi.

Amma ga ɗaya ɓangaren. A 2003 da aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa kan zargin yana hana haihuwa, cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a shekarun nan suna nan, yanzu magidanta ne, wasu kuna ganinsu a kan keken guragu a PZ da Kwangila. Me ya dawo da mutane? Ba shelar rediyo ba ce. Kano ta koma a watan Yulin 2004 bayan an tura mutanen da jama'a suka yarda da su sun je sun gani, aka kuma kawo maganin daga Indonesiya. Sannan a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, da jagorancin Sarkin Musulmi, lokacin Dakta Muhammad Ali Pate na shugabantar hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa. Sarakuna suka riƙa ɗiga wa jikokinsu a gaban jama'a, magana ta sauko daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Da haka aka kai ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan-inna. Kuma kada mu manta da matan nan masu ɗigo da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013.

Abin da nake nufi, Nura: tambayarka halal ce. Amma in aka amsa maka da hujja, kai ma wajibi ne ka saurara.

Nura S/Gari: Dakta, na gode da ba ka ce min jahili ba. Yarana duk an yi musu, mahaifiyarsu ce ta tsaya a kai. Amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa ba don Allah suke yi ba.

Dakta (Shika): Ai su ma ba su ce don Allah suke yi ba. Ƙasa tana ba da tallafi ne don tana da buƙata: kada cuta ta tsallaka mata, ta samu kasuwa, ta samu abokai, ta yi suna. Lokacin da USAID take aiki, a jikin kayanta rubutawa suke yi ɓaro-ɓaro cewa daga al'ummar Amurka ne, saboda suna so a san su ne. Buƙatarsu ba ta hana maganin yin aiki. Aikin hukumominmu ne su auna buƙatarsu da tamu su faɗa mana sakamakon.

Baba Malamin Gona: Dakta ya gama magana. Abin da zan ƙara, muna da hukumar da aka kafa takanas don wannan. Zamanin Babangida, a 1987, aka yi MAMSER, hukumar wayar da kan jama'a ta lokacin, Farfesa Jerry Gana na nan ABU ya shugabance ta. A 1993 aka mai da ita Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, NOA, kuma a tsarinta tana da ma'aikata a kowace ƙaramar hukuma cikin 774. A takarda aikinta hanya biyu ne, ta kai maganar gwamnati ga talaka, ta kuma ɗauko ta talaka ta kai sama. Ta biyun ce nake so a ƙarfafa. Da tambayar matar nan mai goyon yaro ta hau sama tun da wuri, da an haɗa ɗigo da maganin zazzaɓi shekaru kafin lokacin da aka yi.

Hajiya Kulu: Ni abin da ya fi taɓa ni ranar daina kawowa ce da Malam Tanimu ya ambata, kowa ya tsallake ta. Ina da wata 'yar uwa, ba zan ce ko wace ce ba, shekara da shekaru tana karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki kyauta. A saninta na gwamnati ne. Ranar da aka ce Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin waje na kwana 90, a Janairun 2025, a waya ta ji, daga bakin wata ƙawarta. Ta zo gidana da magariba ko sallama ba ta iya yi da kyau ba, ta zazzage robar maganin a kan tabarma tana ƙirgawa, ta ce Yaya, in na riƙa shan rabi zai kai ni wata nawa? Na riƙe hannunta na ce kada ki kuskura. Washegari muka je aka ba ta, maganin bai yanke mata ba. Amma daren nan da ta yi ba barci, da an gaya mata gaskiya tun farko, da an kuma fito da wuri an yi bayani da Hausa, da ba ta yi shi ba.

Dakta (Shika): Hajiya, kin yi daidai da kika hana ta. Raba ƙwayar yana sa cutar ta bijire wa maganin. Don Allah duk wanda ya san mai sha ya isar da wannan. Yawancin maganin nan ta PEPFAR yake zuwa, shirin Amurka na yaƙi da cutar wanda shugabanta George W. Bush ya kafa a 2003, da kuma Global Fund, asusun duniya na yaƙi da cututtuka. Bayan dakatarwar, an saka dala miliyan 200 a kasafin 2025 na tarayya don cike giɓin ɓangaren lafiya. Ita kuwa USAID an rufe ta a hukumance ranar 1 ga Yulin 2025.

Abba Kongo: To wannan dala miliyan 200 ɗin kuɗinmu ne tsantsa. A nan ne ya kamata mota ta fito da lasifika ta ce gwamnati ta kawo, kuma ta faɗi nawa ya iso jiharmu.

Malam Yahaya: Abba, in an ba ni takardar zan karanta ta har Dakace da Wusasa. Amma bari in yi abin da ke hannuna. Akwai zagayen maganin zazzaɓin damina na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke tafe, kuma kafin a fara akan tara masu unguwanni da limamai. Zan nemi a ba ni minti biyar in faɗi wanda ya sayi maganin, in kuma an hana ni zan dawo nan in gaya muku an hana ni.

Malam Tanimu T/Wada: Allah ya yi maka albarka Malam Yahaya. Ka ƙara da ko kyauta ce ko bashi, da shekara nawa aka yi alkawarin kawowa.

Nura S/Gari: Ana barin wanda ba mai unguwa ba ya shiga? In ana bari zan rufe shago in zo, ina da tambayoyi uku.

Maman Sadiya: Ka zo Nura, ka zauna kusa da mu masu shiga gida. Malam Yahaya, don Allah in ka samo amsar ka turo min a rubuce da Hausa tun kafin ranar, in kwafe a bayan littafina. Gida arba'in da wani abu ne a layina, kuma na san ƙofar da za a fara tare ni.